Sandar Ƙira Sai Gwani

A Dutsen Abba ta ƙasar Zariya akwai wani dattijo, ɗan gidan maƙera, wanda ya shafe ƙuruciyarsa yana ɗaukar wa 'yan wasan golf jakar sanduna, har shi ma ya gwanance. Wata rana ɗan ƙanensa ya zo masa da kuɗin da ya yi shekara 2 yana tarawa, yana son sayen sandunan ƙira irin na Mizuno, waɗanda ake bugawa a Hiroshima ta ƙasar Japan.

Dattijon ya bayyana masa cewa kan sandar ƙarfe iri biyu ne. Na ƙira, dunƙulen ƙarfe ake gasawa a buga har ya ɗauki siffa, tamkar yadda maƙeri kan fitar da fartanya. Galibi siriri ne, yakan ba gwani damar sarrafa tafiyar ƙwallo, amma ba ya yafe kuskure. Na zubi kuwa, wanda kamfanin Ping ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1960, bayansa rarakakke ne, nauyinsa yana gefe-gefe, saboda haka ko an kuskure tsakiya ƙwallo yakan yi nisa.

Sai ya tambaye shi, "Ɗana, cikin bugu goma, sau nawa kake samun tsakiya?"

"Huɗu, Baba."

"To, bar ƙira tukuna, kada ta sa ka tsani wasan."

Saurayin ya koma ransa a ɓace, amma kuɗinsa suna aljihu. Haka ya kamata malami ya auna hannun ɗalibi kafin ya miƙa masa kayan aikin gwanaye.