Shekarun Kwalba a Gindinta Suke

Kafin inji ya karɓe aikin, kwalbar abinci da numfashin mutum ake yin ta. Ma'aikaci zai ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe ya hura, sannan a manna wata sanda a gindin kwalbar don a riƙe ta a gyara bakin. In an gama a ɓalle sandar, sai ta bar tabo mai kaushi. Wannan tabo shi masu tara tsofaffin kwalabe a Amurka ke fara lalubawa da ɗan yatsa. Kwalbar da ke da shi galibi ta girmi 1865, domin daga baya an samu abin riƙewa da ba ya barin tabo.

Bayan gindi sai siririn layin da ke hawa ta gefe, mahaɗar ɓari biyu na ƙarfen da aka hura gilashin a ciki. In layin ya ɓace a wuya, hannu ne ya gama bakin. In ya zarce har saman leɓe, yawanci aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya ƙera a Toledo a 1903. Ni dai na fi son ta hannun, da kumfar iska a jikinta da ɗan karkacewarta, domin kana ganin ta ka san wani ya sha zafin wuta a kanta.

Launi ma shaida ne. Ƙarfen da ke cikin yashin da ake yin gilashi da shi, shi ke sa tsohon gilashi ya yi kore-kore. Da Henry Heinz ya fara sana'ar sayar da abinci a kwalba a 1869, farar kwalba ya zaɓa don mai saye ya ga babu algus a ciki. Masana'antu suka riƙa zuba sinadarin manganis don gilashi ya fito garau, har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Irin wannan kwalba in ta daɗe a rana sai ta koma shunayya.

Inda sabon shiga ke faɗawa shi ne rubutu. John Landis Mason ya yi rajistar kwalbarsa mai murfin murɗawa ranar 30 ga Nuwamba, 1858, amma kamfanoni barkatai sun ci gaba da buga wannan kwanan wata a jikin nasu har cikin ƙarni na 20. Wanda ya ga 1858 ya zaro kuɗi bai shafa baki da gindi ba, yana iya sayen kwalbar da inji ya yi bayan shekara hamsin.