Soron Mahaifina

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san yadda zafi ke kashe darasi: gumi na jiƙa alli, ɗalibai na gyangyaɗi. Soron da mahaifina ya bar mana a Birnin Damagaram bai san wannan azaba ba. Kaurin bangon tubali yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi.

Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Tun da tsohon masallacin garinmu ya rushe a daminar 2024, ƴan'uwana ke matsa mini mu rushe soron mu zuba siminti. Na ƙi. Da laka Falke Barmu ya gina masallacin Yama, a jihar Tawa, a 1962, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Abin da soronmu ke bukata shi ne yaɓen makuba, da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka.

Damuwata magini ce. Wanda ya iya ɗora azara a unguwarmu ya tsufa, ƴaƴansa kuwa bulo suke bugawa.