Kalma Guda Da Ta Kusa Raba Mu Da Aboki

Jama'a, ga wani abu da ya same mu a ajinmu. Muna so mu ba ku labarinsa don kada wani ya faɗa ramin da muka kusa faɗawa.

Mahaifin wani ɗan ajinmu ya rasu, ya tafi gida zaman makoki. Muka taru muka ce a rubuta masa takardar ta'aziyya, da Turanci kuwa, don a san mun yi karatu. Muka raina "sad", wai ta 'yan elementare ce. Da muka buɗe ƙamus sai muka tarad da "lugubrious", doguwa, mai cika baki. Muka ga farkon bayaninta baƙin ciki ne, ba mu ko ƙarasa karantawa ba, muka rubuta cewa ba mu manta da fuskarsa "lugubrious" ba ran da labari ya iso.

Allah ya rufa asiri, muka kai wa malaminmu na Turanci ya duba. Ya karanta, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Samari, ta'aziyya za ku yi masa ko ba'a?"

Ashe asalin kalman nan daga Latin ne, harshen Rumawan da, daga "lugere", watau yin makoki. Ta shiga Turanci fiye da shekara 400 ke nan. Amma yau in Bature ya faɗe ta, yawanci nufinsa baƙin cikin ya wuce kima, har ya kusa zama abin dariya, ko a zaci na ganin ido ne. Akan faɗe ta ga murya, ko fuska, ko kiɗa mai nauyi, har ga karen farauta mai zubabbun kumatu. Misalinta shi ne mutumin da zai zo gidan mutuwa ya fi masu gawa kuka. To, da takardan nan ta tafi, da mun ce wa maraya kukansa na ƙarya ne.

Muka yage ta, muka sake wata da Hausa: "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri." Da ya komo ya bi mu ɗai ɗai yana godiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun buɗe ƙamus ku karanta bayani har ƙarshe, ku duba misalan da aka kawo. In kuwa za ku yi wa wani ta'aziyya da Turanci, "sad" ko "sorrowful" ta isa. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.