Daga Gidan Mai Zuwa Kamfanin Sukari: Aikin A. A. Sule Kafin Siyasa, Da Halin Shagunanmu A Lafia



Duk mazaunin Lafia ya san Injiniya Abdullahi A. Sule a matsayin gwamna, kuma kowa da ra'ayinsa game da mulkinsa. Wannan muhawarar na bar wa masu ita, don ko a teburin mai shayi ba ta ƙarewa, balle a nan. Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne shekarun da ya yi kafin 2019, lokacin da aikinsa shi ne juya dukiyar dubban mutanen da yawancinsu bai taɓa gani ba. Sana'ata ce ta jawo haka. Ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa lissafi a garin nan, kuma kullum ina ganin irin gurbin da mutum kamarsa zai cike a shagunanmu, gurbin da har yau babu kowa a ciki.

An haife shi a Gudi ranar 26 ga Disamba 1959. Ya yi kwalejin kimiyya da fasaha ta tsohuwar jihar Filato, ya tafi Amurka ya yi digiri na ɗaya da na biyu a jami'ar jihar Indiyana, ya dawo ya yi aiki a kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, sannan ya sake komawa Amurka ya shekara kusan goma yana aiki a kamfanoni. Har zuwa nan tarihin injiniya ne kamar na wasu da yawa. A shekarar 2000 labarin ya sauya, da ya dawo gida suka kafa kamfanin Sadiq Petroleum a Legas shi da wasu abokan hulɗa.

Waɗanda suka manyanta za su tuna gidajen man AP. Asalinsu na kamfanin BP ne na Ingila. A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP, tana zarginsa da hannu wajen kai mai ga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, aka sauya masa suna zuwa African Petroleum. Da Obasanjo ya dawo a farar hula aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati, sai Sadiq Petroleum ya sayi kashi 30 cikin ɗari na AP a 2000. A 2001 Sule ya zama shugaban gudanarwar kamfanin, ya riƙe kujerar har 2006.

Bayan an gama ciniki ne aka gano cewa AP na ɗauke da bashin da ya haura naira biliyan 20, wanda ba a bayyana a takardun sayarwa ba. Maganar ta kai gaban hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, aka daɗe ana shari'a da musu kan wane ne ya sani, wane ne ya ɓoye. Ku duba fa, kamfani ne mai akantoci da masu binciken kuɗi da lauyoyi, amma duk da haka bashi ya samu inda ya laɓe. Idan haka ta faru a inda ake rubuta komai, to yaya shagon da littafinsa ƙwaƙwalwar maigida ce? Daga baya kamfanin ya koma hannun Femi Otedola a 2007, ya zama Forte Oil a 2010, yanzu kuma sunansa Ardova. Suna uku, masu shi sun sauya, amma famfo bai daina zuba mai ba.

Gidan mai kiri ne tsantsa, kuma na taɓa riƙe lissafin wani ƙarami a kan titin Makurdi, don haka na san yadda abin yake. A shekarun da Sule ke AP gwamnati ce ke yanka farashi: lita tana naira 22 a 2001, ta koma 26 a farkon 2002, ta kai 65 a 2005. Mai gidan mai ba shi da ikon ƙara ko kwabo, ribarsa a kan lita 'yar kaɗan ce ƙwarai. Abin da ya rage masa shi ne ya sayar da yawa, ya kuma hana yoyo. Da safe a zura sanda a tankin ƙasa a auna, a rubuta lambar mitar kowane famfo, da dare a sake aunawa, a haɗa da kuɗin da ke cikin jaka. In tanka ta taso daga daffo da lita dubu 33, sai an auna an tabbatar dubu 33 ɗin ce ta iso. Giɓin lita ɗari biyu a mota ɗaya yana iya cinye kaso mai tsoka na ribar motar. Yanzu ku ninka wannan sau ɗaruruwan gidaje daga Legas zuwa Maiduguri. Shugaban kamfani ba zai iya tsayawa a kan kowane famfo ba. Idonsa takarda ce: rahoton da ke zuwa kullum, da mutanen da ke bin rahoton su tabbatar ba ƙarya aka rubuta ba.

Bayan AP ya shiga rukunin Dangote, ya yi shekaru yana riƙe da manyan muƙamai a kamfanin sukari har ya jagorance shi, ya ajiye a 2018 don neman takara. Sukarin da muke saye buhu-buhu a kasuwar Lafia, ɗanyensa daga Brazil ake shigo da akasarinsa, a tace shi a matatar Apapa. Ke nan da dala ake saye, da naira ake sayarwa. A 2016, lokacin yana kan kujerar, farashin dala a hukumance ya tashi daga kusan naira 197 ya haura 300 kafin shekara ta ƙare. Duk mai shagon kayan masarufi ya tuna yadda buhu ya yi tsalle a wannan shekarar. Wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi ya ga kamar ya ci riba, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin buhu goma ba ya sayen takwas. Abin da ya sami ɗan kiri a Bukan Sidi shi ne ya sami kamfanin, girman lambobin ne kawai ya bambanta. Neman mafita daga wannan dogaro da dala na cikin dalilan yarjejeniyar 2017 tsakanin Dangote da gwamnatin Tanko Al-Makura kan gonar rake da masana'antar sukari a Tunga ta ƙaramar hukumar Awe. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda mutanen yankin suka so, wannan kuma magana ce ta wata rana.

Inda nake son mu tsaya shi ne wannan. Aliko Dangote jikan Sanusi Dantata ne, daga gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Hausa. Ba ya rasa ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa. Amma ya ɗauki mutumin Gudi da ba su haɗa jini ba ya ɗora shi a kan kamfanin da ke juya biliyoyi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsari. Tun 2007 kamfanin sukarin yana kasuwar hannun jari, dole ya fitar da rahoton kuɗinsa duk wata uku, masu bincike daga waje su duba na shekara, a kira taron masu hannun jari, wanda ke da 'yan hannaye ƙalilan ya tashi ya yi wa shugaba tambaya a bainar jama'a. In manaja ya yi daidai lambobi za su nuna, in ya yi ba daidai ba su ne za su tona shi. Maigida na iya barci.

Mu a nan fa? Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya shekara fiye da ashirin yana sarin sukari da fulawa da shinkafa. Mutum ne mai gaskiya, kasuwa ta shaida. 'Yan kiri daga Doma da Obi da Agyaragu suna ɗaukar kaya bashi su biya ran kasuwa, shi ma dila yana ba shi mota guda a kan amana. Duk wannan a kansa yake, sai wani ɗan littafi da yake yi wa alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Bayan sadakar uku, waɗanda suke binsa kuɗi suka zo da rasit a hannu. Waɗanda yake bi kuwa, masu tsoron Allah suka kawo da kansu, sauran suka yi shiru, kuma babu mai iya cewa ga su. Aka ƙirga abin da ke sito, aka biya bashi, aka raba gado. Babban yaron shagon, wanda ya san kowane kwastoma da muryarsa, ba magaji ba ne, don haka aka sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Shekara biyu ba ta cika ba aka ba wani hayar shagon. Har yau in na wuce layin ina kawar da kai.

Kowannenku ya san labari irin wannan, wataƙila a cikin gidansu. Muna da attajirai a garin nan, masu doya da riɗi da egusi da ke loda tirela zuwa kudu da arewa, masu gidajen mai, masu manyan kantuna a titin Jos. Ku ƙirga mini nawa ne daga cikin kasuwancinsu suka wuce hannun wanda ya kafa su suka ci gaba da girma. Tsarinmu matakai biyu ne: ko kana yaron shago, ko kana maigida. Yaro in ya ƙware burinsa a sallame shi ya buɗe nasa, don babu wata kujera a sama da zai hau. Shi ya sa babban shago ɗaya yake haifar da ƙanana biyar, kowanne yana fama da ƙarancin jari, maimakon ya zama kamfani mai rassa biyar.

Na san abin da iyayenmu 'yan kasuwa za su ce, domin ana faɗa mini a fuska. Su ce ɗan boko in ka ba shi littafi, da biro zai cinye ka. Su ce in ka rubuta komai masu haraji za su gani. Su ce arziki ba ya son ƙirga. Na farkon akwai gaskiya a ciki, an ga waɗanda aka yi wa haka. Sai dai duk wanda na san an cuta ta wannan hanya, mutum ɗaya ya bari yana karɓar kuɗi, yana rubutawa, yana kuma riƙe da makullin sito. A gidan mai ma wanda ke kan famfo daban, mai auna tanki daban, mai kai kuɗi banki daban. Raba hannu ake yi don kada a jarrabi kowa. Batun ƙirga kuwa, ɗan kasuwar da zai fitar da zakka daidai, ɗaya bisa arba'in na kayan sayarwa da kuɗi, ba shi da hanya sai ya ƙirga sitonsa duk shekara. Kuma malamai sun sha tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Ta ɓangaren banki ma rashin littafin ne ke tare mana ƙofa. Da can hujjarmu ita ce kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, wasu manyan bankuna ma sun buɗe sashen da ba ruwa. Amma ko wanne ka je, tambayar farko ita ce ina shaidar cinikinka na shekara, ina rajistar kasuwancin. Na raka wani mai sarin shinkafa da cinikinsa na wata ya fi na wasu kamfanoni masu ofis da na'urar sanyaya ɗaki, muka fito hannu rabbana, domin asusunsa ɗaya ne: nan kuɗin kaya ke shiga, nan kuɗin makarantar yara da cefane da gudummawar biki ke fita.

Abu biyu sun sauƙaƙa lamarin yanzu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, duk da wahalar da muka sha, ya tura kusan kowane shago ga POS da taransifa. Wanda bai taɓa rubuta ciniki ba, yau wayarsa tana rubuta masa rabi. Abin da ya rage shi ne a ware asusun shago daga na gida, maigida ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai, a samu littafin bashi da kowa zai iya karantawa, mai suna da kwanan wata da sa hannu, a kuma ƙirga sito aƙalla duk ƙarshen wata.

Masu yin wannan aikin ba sai an je Legas nemansu ba. Duk shekara kwalejin Isa Mustapha Agwai da Jami'ar Tarayya ta Lafia da jami'ar jiha da ke Keffi suna yaye yaranmu da suka karanta lissafin kuɗi da harkar kasuwanci, da yawansu suna zaune suna jiran a buɗe ɗaukar aikin gwamnati. Wasu ma 'ya'yan masu shagunan ne. Su ma ina da magana da su: wanda ya raina tsayawa a sito yana ƙirga kwalin taliya ba zai iya riƙe kamfani ba, domin shi kansa Sule a cikin masana'anta ya fara, tsakanin injuna, shekaru kafin ya ga kujerar shugaba.

A cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani Alhaji mai kayan masarufi da ya yarda muka gwada bara. Ya ɗora babban yaronsa a matsayin manaja, da albashi da kuma wani kaso na ribar shekara, ɗansa na cikinsa kuma aka ba shi littafi da kwamfuta, ni ina zuwa duk ranar Asabar in haɗa lissafin biyun. Watanni ukun farko ba mu ji da daɗi ba. Alhaji ya saba zura hannu a aljihun tebur ya ɗebi abin da zai ba mai roƙo ko ɗan uwa, yanzu sai an rubuta, kuma ya ce mini ban da kunya da nake tambayarsa ina dubu ashirin ta shiga. Da azumi ya tafi Umara ya yi mako uku, sau biyu kawai ya bugo waya. Yanzu maganar da muke ciki ita ce ko reshe na biyu a Shabu za a buɗe ko a hanyar Doma, kuma yaron da a da yake jiran sallama shi ne ya fi kowa matsawa a yi.