Ni da Sumbuka, da Littafin da Ya Sha Mini Kai

Da yawa daga cikinku sun yi ta cigiyata, wasu har suna cewa ko Hajiya ta ajiye alƙalami ne. Ban ajiye ba. Wani littafi ne ya sha mini kai, kuma yau nake so in ba ku labarin yadda aka yi.

Abin ya faro ne daga wajen 'yata ta fari, wadda kun san ba zan kama sunanta ba. Shekarunta 15. A hutun da ya wuce na lura yarinya ta daina hira, sai ta ƙura wa waya ido har tuwo ya huce a gabanta. Hankalin uwa kuwa kun san inda yake fara zuwa. Da na matsa mata sai ta ce littafi take karantawa, sunansa Twilight, na wata Ba'amurkiya Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005. Labarin wata 'yar shekara 17 ne da ta koma wajen mahaifinta a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama, ta kamu da son wani ɗan makarantarsu, ashe ba mutum ba ne, irin halittar nan ce mai shan jini wadda ba ta tsufa. Na ce to ai maye ne. Ta ce, "A'a Umma, ba maye ba ne." Na ce duk mai shan jini a garin nan maye sunansa, komai kyansa.

Muka yi dariya. Sai ta shiga lissafo mini wasu: Harry Potter na J.K. Rowling, littafi 7 daga 1997 zuwa 2007, yaro maraya da aka kai makarantar koyon sihiri yana ɗan shekara 11. Da Akata Witch na Nnedi Okorafor, na 2011, wanda ma a Nijeriya aka gina shi, a garin Aba, kan wata yarinya zabiya. Daga nan ta jefo mini maganar da ta hana ni barci. Ta ce, "Umma, ku me ya sa littattafanku daga kishiya sai uwar miji? Mu fa ba ma ciki, sai in aure za a yi mana."

Da farko na hau kare kai. Na ce ke yarinya ce, mu da muke da Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934 wa zai koya mana labarin aljanu? Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka yi ta rububi, ga na ban tsoro irin na Nazir Adam Salih. Amma da na kwanta na sake lissafi sai na ga jaruman nan yawanci manyan maza ne masu takobi da doki. Wanda na tuna yaro ne jaruminsa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki Kilba aka yi sama da shi. 'Yan mata kuwa, in aljani ya shigo labari, aikinsu ɗaya: su faɗi, su yi ihu, a kira malam. Ni kaina sau biyu na rubuta haka.

Alhali kuwa kayan labarin a gidanmu suke jibge. Muna da Dodo, da 'yan ruwa, da fatalwa, da Doguwa, da mai ƙafar jaki da ake gamuwa da ita da tsakar dare, da kurar da mutum ne ya rikiɗa. Kowace tsamiya da kowace kuka a ƙauye tana da tarihinta. Na taɓa kai wa wani mai shagon littattafai a Kano irin wannan shawara tun ana buga littafi kashi uku ana sayarwa, sai ya ce, "Hajiya, yara ba su da kuɗin saye, matan aure ne kasuwa, ki sa soyayya." Na bi maganarsa, don da kuɗin littafin nake biyan kuɗin bugu. Sai dai in zan faɗi gaskiya ba shi ne ya hana ni ba. Akwai abin da nake gudu.

A 1995 ina makarantar kwana ta 'yan mata, shekarata ɗaya da 'yar nan tawa a yau. Waɗanda suka yi wayo a Kano a lokacin sun san sunan Sumbuka. Haka kawai yarinya za ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi tana rawa irin ta finafinan Indiya, tana magana da wata murya, kafin a ankara wasu sun bi bayanta. Na gani da idona, kuma ba zan tsaya musu da kowa a kan abin da ya haddasa ba. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, har sura guda aka sanya wa sunansu. Haka nan tsoro ma ciwo ne mai yaɗuwa a ɗakin da 'yan mata 40 suke kwana. Allah ne masani.

Ƙawata ta kusa, wadda gadonta ke manne da nawa, tana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Aka zo da malamai, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙin habbatus sauda. Ni kuwa da dare ya yi sai na ja katifata na koma can ƙarshen ɗaki. Tana kallona lokacin da nake ja. Ba ta ce komai ba. Iyayenta suka zo suka tafi da ita, ba ta sake dawowa ba, kafin shekara ta zagayo aka yi mata aure, wai ko aljanin zai haƙura. Ita ce take koya mini lissafi.

Wannan ma ba shi ne mafi muni ba. Akwai wata tsohuwa cikin masu dafa mana abinci, mai jan ido saboda hayaƙin murhu, ba ta da yawan magana. Aka fara raɗe-raɗin cewa ita ce ta buɗe wa abin ƙofa, wai mayya ce. Wata rana ana hira sai na ce ai ni na gan ta da dare a gindin tsamiyar bayan ɗakin girki. Na gan ta ɗin, alwala take yi. Amma da na ga idanu sun dawo kaina, kowa ta yi tsit, sai na ƙara gishiri: na ce tana magana da wani abu, na ce inuwarta ta fi tsamiyar tsawo. Kafin gari ya waye labarin ya zagaye makaranta, har da ƙarin da ba nawa ba. 'Yan mata suka ƙi cin abinci. Cikin mako guda aka sallami baiwar Allah. Na hango ta ta taga tana fita da ƙullin kayanta a ka. Wannan shi ne labarina na farko da ya samu karɓuwa, kuma har yau babu littafina da ya yi tasirinsa.

To kun ji abin da ke zuciyata lokacin da na zauna rubuta wa 'yata littafin da ta nema. Na tsara 'yan mata uku a makarantar kwana, kowacce da tsoronta, na ce su za su tunkari abin da kansu. Rubutu ya yi ta gudu kamar ana karanto mini. Sai da na kai babi na 6 na farga da abin da hannuna ya aikata: na sako tsohuwa mai dafa abinci, mai jan ido, na mai da ita mayya. Shekara 30, ƙarya ɗaya! 'Yata ta karanta ta ce, "Umma, nan ne ya fi daɗi." Ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Anan ne na gane bambancinmu da marubutan can. Baturiya za ta rubuta mai shan jini ta kwana lafiya, don babu wanda zai rufe littafi ya je ya jefi makwabcinsa a kan haka. Mu kuwa kalmar mayya tana da rai. Har yanzu ana jin labarin tsohuwar da aka kora daga unguwa ko aka lakaɗa wa duka saboda yaro mai zazzaɓi ya kira sunanta. In na koya wa 'yan shekara 15 cewa jan ido da talauci da rashin magana su ne alamar mugu, to su wa za su fita su nuna? Wasu abokan rubutu sun ce na cika tsanani, ai labari ne. Ni na san abin da labari ya taɓa yi.

Na goge babi uku. A sabon tsarin, abin da ke addabar makarantar ba ɗan Adam ba ne, yana zaune ne a wata tsohuwar rijiya da aka rufe, kuma da tsoro yake ƙiba: duk wadda ta ƙirƙiri ƙarya a kan wata, sai ya ƙara tsawo. Makamin yaran bai wuce Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ba, sai kuma abu mafi wuya, wato ɗaya daga cikinsu ta tashi a gaban taro ta ce ita ce ta fara. Tsohuwar tana nan, ita ce ta san tarihin rijiyar. Akwai kuma wajen da wata ta ja katifarta, ta kai tsakiyar ɗaki, ta tsaya, ta mayar da ita. Shafin nan ya ci mini kwana 4.

Na nemi labarin ƙawata ta hannun tsofaffin 'yan ajinmu. Tana raye, har ta yi jikoki, na karɓi lambarta, amma har yau ban kira ba. Tsohuwar kuwa babu wadda ta san inda ta nufa, ko sunanta na gaskiya ba mu riƙe ba, Baba kawai muke ce mata. Allah ya jiƙanta in ta riga mu, ya sa ta yafe.

Shekaranjiya na ba 'yata sabon rubutun. Ta ce na baya ya fi ban tsoro, wannan wa'azi ya so ya yi yawa, in rage. Na yarda, zan rage. Amma wajen ƙarfe 1 na dare na ji ana taɓa ƙafata, na buɗe ido na gan ta tsaye da fitilar waya, wai, "Umma, don Allah taso ki raka ni banɗaki."