Inda Taswira Ta Ƙare

Mu uku ne, 'ya'yan wa da ƙani. Duk a Kurugu aka binne cibiyarmu, duk kuma neman abinci ya watsa mu, biyu a Kano, ɗaya a Abuja. Hutun ƙarshen Disamba ne kaɗai yake haɗa mu, mu kuma muka mayar da shi lokacin zuwa su a dam ɗin Challawa. Mutanen gida dariya suke mana. A ganinsu ba mai barin bargo da asuba a tsakiyar hunturu ya nufi ruwa sai wanda ruwan ne abincinsa.

Muna goye aka gina dam ɗin. Kamfanin Julius Berger ne ya yi aikin tsakanin 1990 da 1992, a ƙasar Ƙaraye: bango mai tsayin mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8, yana tare ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Mu ba mu san ƙasar nan ba sai da ruwan a kwance a kanta. Baffanmu ya san ta tun kafin haka. Ya yi noma a fadamar da yau take ƙarƙashin ruwa, da gonar ta nutse sai ya koma masunci. Shi ne jagoranmu kowace shekara.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne, zuwa bakin ruwan ma aiki ne. Da damina ruwa ne yake zuwa wajenka, amma hanyoyin ƙauye sun zama laka, babur ba ya ratsawa. Da hunturu hanya ta bushe, sai ruwan ya fara guduwa. Ana sakinsa ta ƙasa domin noman rani da ruwan shan birnin Kano, ya bi kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano, su gangara Haɗeja. Rana da iska suna shan nasu. Duk taƙin da ruwa ya ja da baya, manomi ya bi shi da fartanya. Inda aka ɗaure kwale-kwale a watan Satumba, a Disamba albasa ce da tumatir.

Bara Baffa ya tashi da ciwon ƙirji, muka ce ya huta. Biyu daga cikinmu rubuta manhaja ce sana'armu, saboda haka muka buɗe taswirar waya da ƙarfin gwiwa. Ta nuna mana hanya tar har bakin shuɗi. Muka hau babura biyu, ƙura tana shiga haƙora, muka isa daidai inda ta ce ruwa yake. Fangalin albasa muka tarar, shimfiɗe iya ganinmu. Hoton tauraron ɗan'adam ɗin na wani lokaci ne daban. Mai gonar ya taso ya ce ba ta nan ba, ya gaji da 'yan birni masu tattake masa shuka. Muka ba shi haƙuri, muka yi tayin kuɗi, abin ya ƙara ɓata masa rai. Muka koma gida ko ƙafarmu ba ta jiƙe ba.

Washegari Baffa ya naɗe rawani har baki ya ce mu tafi. A gonar nan dai muka tsaya. Ya yi sallama, ya tambayi mutumin jikin mahaifinsa, ya tambayi farashin taki, ya jajanta masa tsadar man injin ban ruwa. Sai da suka kai minti goma kafin a ambaci ruwa. Mai gonar da kansa ya shige gaba, ya bi da mu ta kan iyakar fangalai har inda kwale-kwalen yake, ya ce mu bar baburan zai duba mana.

"Kun ga," in ji Baffa, "hanyar tana nan tun jiya. Gaisuwa ce ba ku yi ba."

Kifi ba ya son hunturu. Jikinsa zafin ruwa yake bi, kuma daren hunturu a ƙasar Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15. Karfasa takan rage cin abinci idan ruwa ya yi sanyi, ta bar gefe inda sanyin ya fi saurin kamawa, ta nemi zurfi. Tarwaɗa da kurungu su ma ƙasa suke lafewa. Mai fatsa a bakin gaɓa sai ya wuni bai ga motsi ba. Dole a shiga ciki, a kuma san inda zurfin yake.

A nan ne muka gane abin da Baffa yake dubawa. Mu ruwa kawai muke gani, shi kuma ƙasa yake gani. Sai ya ɗaga filafili ya ce, "Nan tsohuwar hanyar kogi ce, ta yi kwana can." Can gaba ya ce, "Nan akwai tsamiya a ƙasa, kar ku jefa, za ta cinye muku ƙugiya." A wani wuri ya yi shiru, ya rage tuƙi. Sai da muka wuce ya ce gonar kakanmu ce muka bi ta kanta. A kwanar tsohon kogin muka kafa mamari, a nan kuma muka samu tarwaɗa huɗu.

Wani abokin aikinmu ɗan Kanada ya taɓa nuna mana hotunan irin nasu sun na lokacin sanyi. Tafkuna ne a kan duwatsu, inda dusar ƙanƙara take rufe hanya wata da watanni, sai a taka da ƙafa. Kifin da suke nema, tirawut, sanyin da yake kashe wa karfasa ci shi ne jin daɗinsa. Sukan huda ƙanƙarar da ta daskare a kan tafki su zura ƙugiya. Ya ce ƙa'idarsu ita ce kada ka taka sai kaurinta ya kai santimita 10. Muka yi sha'awar wannan. Haɗarinsu ana auna shi da ma'auni. Namu hazo ne da iska, kuma ba mu san abin auna su ba sai idon tsoho.

Ranar nan, wajen hantsi, kifi ya fara ci, sai Baffa ya ce mu naɗe.

"Baffa, yanzu fa aka fara."

"Ku naɗe, na ce."

Kafin mu gama, iskar arewa maso gabas ta taso, hazo ya sauko kamar an zuba toka. Gaɓa ta ɓace ta kowane ɓangare. Igiyar ruwa ta fara zuba mana a ciki, ɗayanmu yana kwarfewa da ƙwarya. Waya ta nuna ɗigo shuɗi a tsakiyar shuɗi, ba ta san inda kututture yake ba, ba ta san inda gaɓar bana take ba. Babu mai rigar ruwa a cikinmu. Kowa ya tuna Bagwai, watan Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da 'yan makarantar Islamiyya, amma ba wanda ya furta. Baffa ya sa iskar a kafaɗa ɗaya, yana tari yana tuƙi, har muka ji ƙarar injin ban ruwan mai albasa.

Da dare muka kewaye shi da waya, muka ce ya faɗa mana wuraren mu sa musu alama a taswira. Ya yarda, ya lissafo tsamiya, kwana, tsohuwar rijiya. Da muka tambaye shi yadda ya san iska za ta taso, sai ya daɗe yana tunani, ya ce shi ma bai san yadda zai faɗa ba, sai dai mu riƙa zuwa.

Alamu goma sha ɗaya muka samu. Suna nan a wayoyinmu, kuma mun san ba su kai rabin abin da ya fitar da mu ranar ba. Bana an ce tarin ya ƙaru, likita ya hana shi shiga sanyi. Mun sayi rigunan ruwa huɗu. Mun kuma yanke cewa da mun sauka, kafin maganar kwale-kwale, za mu fara zuwa gaida mai albasa.