Yadda na koyi katse wa manya magana

A gidanmu a Manchesta, in Baba yana magana ko tari ba ka yi. Da wannan tarbiyyar na shiga kulob ɗin birij, wasan kartar nan na mutum huɗu, biyu-biyu. (Umma har yau caca take ce masa, alhali ko kwabo ba ma sawa.)

Kafin a buga sai an yi tayi, kamar ciniki. As maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1. In abokin hamayya ya riga ka buɗe tayi, wata sa'a dole ka tsoma baki. To a nan kunya ta cuce ni.

Wata ranar Talata wani dattijo a damana ya ce hat ɗaya. Ina riƙe da maki 13, hat ƙwaya ɗaya tal, sauran launuka huɗu-huɗu. Irin wannan hannun dabul ake cewa, wato "abokiya, ina da ƙarfi, zaɓi launi." Na dubi furfurarsa, na ce fas. Abokinsa ya tsallaka hat huɗu. Muka kayar da su da ɗaya, muka samu 50, alhali sifed huɗu na kwance mana, 620.

Abokiyar wasana, wata tsohuwar Baturiya, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Da ka yi shiru ƙarya ka yi mini, ka ce ba ka da komai." Wallahi maganar ta zauna mini. Ni a zatona ladabi na yi.

Sai kuma na wuce gona da iri. Sati na gaba na faɗa da kulob biyu a kan kulob biyar marasa ƙarfi, a zagayen da tara ke da tsada. Aka yi mini dabul, na faɗi da uku, 800 ta tafi.

Yanzu wanda na fi so shi ne tayin Michaels. Mutum ya ce hat ɗaya, kai ka ce hat biyu, launinsa fa! Ma'anarsa kana da sifed biyar da kuma biyar a kulob ko dayamon. Ranar da na fara yi wa dattijon nan sai da hannuna ya yi rawa. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce fas.